Kiyashi a Famfon Sitiyari

Ranar da Yaimara ta cika shekara goma sha biyar, motar ubanta ta ƙi juyawa.

Uban, Dagoberto, ya fito da motar da safe zai wanke ta, ya murɗa sitiyari a kwanar gidansu, sai ya ji kamar yana kokawa da bijimi. Wani kuka ya tashi daga cikin bonet, irin na kyanwar da aka taka wa jela. Da ƙyar ya kauce wa katangar maƙwabci. Ya kashe mota ya zauna.

Da la'asar ne za a ɗora yarinyar a bayan motar nan mai buɗaɗɗen sama, da doguwar rigarta, a zaga gari da ita ana ɗaukar hoto, kamar yadda al'adarsu take in yarinya ta cika sha biyar. Motar kakansa ce, a cikinta aka zaga da yayyensa mata duka, kuma tun Yaimara na ƙarama ya yi mata alkawari. Ga lungunan garinsu, Camagüey, a murɗe kamar hanji, ga motar an sa mata injin dizal mai nauyin tsiya. In famfon sitiyari bai yi aiki ba, babu ƙaton da zai ratsa da ita.

Ya aika aka kira Eusebio bakanike, abokinsa, wanda ya riƙe Yaimara ranar baftisma. Eusebio ya zo a kan keke yana tauna guntun burodi.

"Kai dai ba ka iya lalata mota sai ranar biki," in ji shi. "Buɗe mu gani."

Ya danna bel ɗin da ke juya famfon da yatsa, a ɗaure yake tam. Ya bi tiyo yana shafawa, babu tsaga. Ya duba iskar tayoyin gaba, lafiya lau.

"Akwai mai?"

"A cike. Jiya da magariba na ƙara da hannuna."

Eusebio ya sunkuya zai buɗe murfin man sitiyari, sai ya tsaya cak. Kiyashi ne suka yi layi tun daga ƙasa, suka hau taya, suka bi tiyo, suka yi baƙi ƙirin a bakin murfin.

"Dago, tun yaushe kiyashi suka fara shan man mota?"

Ya tsoma yatsa, ya ɗago, abin ya yi zare. Ya shinshina, sannan ya lasa. Idonsa ya fito.

"Zaƙi! Na rantse zaƙi! Kai, wawa, alewa kake dafawa a cikin famfo?"

Nan take Dagoberto ya gane abin da ya faru, ya gaya wa Eusebio. Man sitiyari ja ne, kuma a gorar lemo ake sayar masa da shi, kamar yadda ake sayar wa kowa. Surukarsa Eulalia kuwa gurzajjiyar ƙanƙara take sayarwa a dandali, tana zuba mata jan ruwan suga, shi ma a gorar lemo. Duk a soro ɗaya suke ajiya. Jiya an ɗauke wuta, ya laluba ya ɗauka.

Eusebio ya fara dariya, sai dariyar ta maƙale masa.

"To in nata yana nan, ina naka?"

Dagoberto ya zabura. Ya fizgi keken ya hau, silifa ɗaya ya faɗi bai waiwaya ba.

Daga nesa ya hango amalanken Eulalia a inuwa. Wata mai ciki na tsaye da kofin ƙanƙara a hannu, tsohuwar kuwa tana kwance murfin sabuwar gora, tana jan hanci saboda murar da ta kwana da ita. Ya kwarma ihu, "Mama, kada ki zuba!" Ta riga ta karkata gorar. Ya diro daga keke ya buge kofin, ƙanƙara ta watse a ƙasa da jan mai a kanta.

Eulalia ta maka masa ludayi a kafaɗa.

"Ka haukace ne? Gaban masu ciniki? Dama na gaya wa 'yata..."

"Lasa, Mama. Kaɗan dai."

Ta taɓa da harshe, ta tofar. Ta dubi gorar, ta dubi cikin matar, ta zauna daɓas a kan dakali tana yin alamar gicciye.

"An sha?" Dagoberto ya tambaye ta.

"Yanzu na buɗe ta, ɗana. Yanzun nan."

Mai cikin ta dafe ƙirji ta tafi.

Ya koma gida da gorar a cikin riga. Eusebio ya riga ya kwance famfon, sugan ya ƙone a ciki ya kama fikafikansa kamar ƙanzo. Matar Dagoberto ta yi ta kawo tafasasshen ruwa. Suka jiƙa, suka kankare da tsohon buroshin haƙori, suka wanke tiyo da akwatin sitiyari har ruwan ya daina ja, suka bi da kananzir, suka busar da famfon iskar keke. Da suka mayar da komai, suka ɗaga gaban motar da jak, Eusebio na zuba mai, Dagoberto na murɗa sitiyari daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kumfa na fita. Man ya ƙare daidai kan layin da ke nuna ya cika.

"Tayar. In ta yi kuka, a kekena za ka zaga da Yaimara," in ji Eusebio.

Ya tayar. Ta ɗan yi gurnani, ta yi shiru. Ya sa yatsa biyu ya murɗa, tayoyin suka bi.

Da la'asar Yaimara ta hau baya, rigarta ta cika kujera. Eulalia ta zauna gaba, sauran gorunanta a cinya, kowace ta ɗaura mata tsumma a wuya. Da suka doshi kwanar farko mai matsi, Dagoberto ya riƙe numfashi. Motar ta lanƙwasa sumul.

"Baba!" Yaimara ta sunkuyo. "Me ka fesa wa motar? Ƙamshin alewa take yi."

"Riƙe da kyau, 'yata," ya ce. "Ga wata kwanar."