Tabawa da Bangon Abbasiya

Tsagar ta faro ne daga ƙarƙashin 'yar tagar da ake hango ƙafafun masu wucewa, ta gangaro a karkace har ƙasa. Ruwan ba zuba yake yi ba, tsattsafowa yake, sai ka ga kankaren yana sheƙi kamar goshin mai zazzaɓi. Gefe da gefen tsagar ya yi baƙi da fumfuna, ɗakin kuma kullum warin rijiyar da aka daina ja.

Inna Tabawa ta hana kowa taɓa wurin. Ko tsumma aka ɗauko za a goge sai ta daka tsawa.

"A bar mini shi haka. Shaidata ce."

Wannan ne zuwanta na biyu Alƙahira. Na farko shekara biyu ke nan, lokacin da autarta Zainaba ta yi haihuwar fari a wannan ɗakin ƙasa na unguwar Abbasiya, wanda Misirawa ke kira badrum. Mijin Zainaba, Alhusaini, ɗalibi ne, abin da ƙarfinsa ya kai ke nan. Tabawa ta taso daga Kazaure da ƙunshin busasshen ganyen darbejiya da kanwa, ta yi wa 'yarta wankan jego safe da yamma har kwana arba'in, kamar yadda ta yi wa matan da ba ta san iyakarsu ba. Yaron, Muslim, ya fara tari tun kafin a gama. Kwanansa hamsin da uku a duniya.

Likita ya tambaya ko ɗakin da danshi. Alhusaini ya hau sama ya gaya wa mai gidan, Alhaji Mu'tasim. Mai gidan bai ko sauko ba. Cewa ya yi bangonsa lafiya lau yake, tsohuwar nan ce ke dafa ruwa tukunya-tukunya a ɗakin da ba iska, tururin ne ya jiƙa bango, shi ya shiga ƙirjin yaro. Alhusaini, cikin ruɗewa, ya maimaita wa uwarsa can Kazaure a waya. Kafin Tabawa ta sauka a Kano maganar ta riga ta isa gida. Wai Tabawa ta turara jikanta a Masar. Ba mai faɗa a gabanta. Amma tun daga ranar ba a sake aiko mata ta je wankan kowa ba, ko na 'yar maƙwabta.

Shi ya sa da cikin Zainaba na biyu ya tsufa, ta dawo da shirinta. Wata uku ba ta tafasa ruwan da ya wuce na shayi ba, bango kuwa bai fasa tsattsafowa ba. Ta tasa Alhusaini a gaba har ofishin unguwa ya shigar da ƙara a turo injiniya ya duba.

"Malam, ba diyya nake nema ba," ta ce masa. "Takarda nake so. A rubuta daga inda ruwan nan yake fitowa, ka kira Kazaure ka karanta musu da bakin da ka faɗi ta farko."

Ya sunkuyar da kai. "To, Inna."

Aka sa rana, aka ɗaga. Aka sake sawa, aka sake ɗagawa. Ana cikin haka naƙuda ta zo wa Zainaba kafin lokacin da aka yi tsammani, a tsakiyar sanyin Janairu. Aka sami mace, ƙarama kamar a sa a aljihu. Aka dawo da ita wannan ɗakin, saura kwana goma sha shida injiniya ya zo. Wanka kuwa Tabawa ta ce babu, sai dai gashi da tsumma da ɗan ruwan buta, don kada wani ya sami abin faɗa.

Ranar kwana huɗu, da hantsi, jaririyar ta yi tari. Sau biyu ne kacal, ƙanana. Tabawa tana tsintar shinkafa, hannunta ya tsaya.

Zainaba ba ta ɗago ba. Yarinya ce mai kawaici, tun tasowarta ba ta taɓa mayar wa uwarta magana ba.

"Inna, kin ji?"

"Na ji. Majina ce."

"Haka kika ce wancan karon."

Wata mota ta wuce a sama, tagar ta girgiza.

"Kwana goma sha biyu ne fa kawai suka rage," in ji Tabawa.

"In ba su sake ɗagawa ba. Inna, ni na san ba ke ba ce. Ban taɓa zargin ki ba. Amma ni na binne ɗaya."

Tabawa ta ajiye faranti, ta yafa mayafi, ta fita.

Larabcinta bai wuce na salla da na cinikin tumatir ba, amma ta san shagon mai kayan gini a bayan tashar ƙananan motoci. Ta zana masa tsaga da yatsa a kan teburinsa, ta kwaikwayi ɗigar ruwa. Mutumin ya gane. Ya ɗauko ƙaramin buhun siminti mai saurin kamawa, ya ɗaga mata yatsu uku, ya nuna agogo: minti uku ya daskare. Sannan ya jawo fasasshen bulo da kurfi da guduma, ya nuna mata abin da ba ta zata ba. Ba a shafe bakin tsaga. Sai an sassaƙe ta ta yi faɗi, cikin ya fi bakin faɗi, yadda simintin zai sami wurin kamawa. Ta gyaɗa kai. Sakiya ke nan, sai an buɗe maruru yake warkewa. Ya miƙo mata safar hannu ta roba, ta ture. Ita da ta yi shekara arba'in tana yaɓen ɗakinta duk kaka, yau za a koya mata sa hannu a kwaɓi?

Ta kwashe mai jego da jaririya zuwa ɗakin wasu ɗalibai mata a hawa na biyu, ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta fara. Kankare ba jar ƙasa ba ne. Kowane bugu sai ta ji shi har kafaɗa. Ta bi tsagar daga sama tana sassaƙa, tana zagin Alhaji Mu'tasim da kowane sara, shi da bututunsa da tumbinsa. Ta share garin da tsohon buroshi, ta kankare fumfunar. Tana kwaɓa simintin kaɗan-kaɗan a murfin roba, dunƙulen da bai fi na fura ba. In ya fara ɗumi a tafinta sai ta cusa a ramin, ta danne da ƙarfi tana karanta Ƙulhuwallahu har ya yi tauri. Na farko ya daskare mata a hannu kafin ta kai shi bango. Na biyu ruwa ya turo shi waje. Daga na uku ta gane kansa. Ta gangaro daga sama zuwa ƙasa, ta bar inda ruwan ya fi ƙarfi sai ƙarshe, can dab da daɓe. Nan ta durƙusa ta danna da hannu biyu da gwiwa, har ta ji ruwan ya daina motsi a ƙarƙashin tafinta.

Kwana biyu aikin ya ci. Yatsunta suka tsattsage, fatar ta yi fari ta saluɓe, ko tuwo ba ta iya ci sai da cokali. Amma bango ya bushe. Kafin mako ya zagayo warin ya ragu, tarin bai dawo ba. Aka raɗa wa yarinya suna Huda.

Wannan karon ba a ɗaga ba. Ranar da aka sa, da misalin sha ɗaya na safe, sai ga injiniya, ashe mace ce, Samah, da jaka a kafaɗa da gajiya a fuska. Bayanta Alhaji Mu'tasim, karonsa na farko da ya tako ɗakin, yana tattare jallabiyarsa kamar mai tsallaka kwata. Alhusaini ne tafinta.

Samah ta shafa bango. Ta manna wata 'yar na'ura nan da can, ta duba. Ta yi tambaya.

"Tana tambaya ko har yanzu ana dafa ruwan wanka a nan," in ji Alhusaini.

"Ka ce mata wata huɗu ban dafa ba."

Ya faɗa. Alhaji Mu'tasim ya ware hannuwa, ya yi wata doguwar magana yana murmushi.

"Me ya ce?"

"Ba komai, Inna."

"Malam, ba kurma ba ce ni. Me ya ce?"

"Ya ce... an daina dafa ruwa, bango ya bushe. Khalas, wai shi ke nan."

Sai a lokacin Tabawa ta ga ramin da ta haƙa wa kanta. Ta nuna layin sabon siminti, ta ɗaga yatsunta masu miki har gaban fuskar injiniyar. Alhusaini ya buɗe wayarsa ya nuna hotunan bangon lokacin yana jiƙe. Samah ta duba da kyau, ba da raini ba, sannan ta girgiza kai. Ta ce hoto yana nuna bango a jiƙe, ba ya nuna daga inda ruwan ya zo. Ta ce duk wanda ya yi wannan toshiya ya iya aiki, amma ita abin da idonta ya gani yau za ta rubuta: an yi gyara, babu yoyo. Ta zaro biro.

"Ma'alish, ya Hajja," in ji mai gida, wato a yi haƙuri, ya juya zai fita.

Guduma da kurfin suna ƙarƙashin gado. Zainaba ce ta fara ganin inda uwarta ta nufa.

"Inna. Inna, don Allah."

Tabawa ta tsaya, kurfi a hannu. Ta dubi jaririyar a kafaɗar Zainaba. Ta dubi biron da ke tafiya a kan takarda. In aka sa hannu a wannan, shi ke nan, har ta mutu ita ce ta turara jikanta, kuma da hatimin hukuma.

"Hau sama da ita," ta ce.

Zainaba ba ta motsa ba. Tabawa ta durƙusa ta kafa kurfin a toshiyar ƙasa.

Aikinta ne, kuma ta yi shi da gaskiya, don haka bai ba ta sauƙi ba. Bugu goma bai ko girgiza ba. Mai gida yana ihu da Larabci, Alhusaini yana "Inna, a yi haƙuri, Inna," amma surukuta ta hana shi riƙe mata hannu. Mikin yatsunta ya buɗe, ƙotar gudumar ta yi santsi. Can sai dunƙulen ya tsage, ya faɗo. Ruwan da ya yi kwana goma yana taruwa a baya ya tunkuɗo da kaurin hannun yaro, baƙi, mai sanyi, da wari irin na masai. Ya bi kan tabarma, ya shige ƙarƙashin katifa, ya jiƙa gefen jallabiyar Alhaji Mu'tasim.

"Ga tururina nan," in ji Tabawa tana haki. "Malam, fassara masa. Ka ce ya sunkuya ya shaƙa."

Alhusaini bai fassara ba, ba a kuma buƙaci ya yi ba. Samah ta tsuguna ta tara hannu, ta kai hanci, ta yamutsa fuska. Ta yaga takardar farko. Ta daɗe tana rubutu a ta biyu, mai gida yana magana a kanta, ba ta ɗago ba. Da ta gama ta karanta, Alhusaini yana mayarwa da Hausa, muryarsa tana raguwa. Ruwan daga bayan bango yake, daga fasasshen bututun ƙazanta na gidan, kuma ga alama ya daɗe. Ɗakin bai dace mutum ya zauna ba. A fita cikin kwana bakwai.

Alhaji Mu'tasim ya ɗaga kafaɗa, ya ce dama masu shagon kusa sun daɗe suna neman wurin ajiyar kaya. Ya hau abinsa.

Bayan sun tafi, Tabawa ta zauna a bakin gado, ƙafafunta cikin ruwa.

"Malam, kira mahaifiyarka."

"Inna, yanzu? Ko wurin da za mu..."

"Yanzu."

Ya kira, ya buɗe murya yadda kowa zai ji. Ya karanta wa uwarsa takardar tun daga sama har hatimi. Can Kazaure ana jin kukan awaki da ƙarar turmi.

"Allah Sarki," in ji muryar. "Allah ya sa yaron mai ceto ne. Ai kwana ne ya ƙare. Ni wa ma ya ce ita ce? Ka gaishe ta. Ya mai jegon?"

Wayar ta mutu ko an kashe, Tabawa ba ta tambaya ba. Ta karɓi takardar ta juya ta, ba ta san sama da ƙasanta ba, ta ninke ta sa a lalitarta.

Zainaba ta riga ta goya Huda, tana ciro kayan jaririyar daga akwatin da ruwa ya fara shiga, tana matsewa ɗaya bayan ɗaya. Ba ta kalli uwarta ba.

"A hawa na biyu za mu kwana," ta ce wa mijinta. "Ka roƙe su. Gobe ka fara neman ɗaki."

"Saura siminti kaɗan a buhun," in ji Tabawa. "Zai toshe shi na kwana bakwan."

"Ki bar shi, Inna," in ji Zainaba. "Bangon ya riga ya gama aikinsa."

Ta zuba kayan a jaka ta hau matakala. Alhusaini ya bi ta da katifar a ka, tana ɗiga.