Waya Mai Kai Biyu

A wurin surukata Huguette, ba a yi Kirsimeti ba sai an ga kek ɗin gungume a tsakiyar tebur. Falle guda ake gasa shi, a shafe da kirim da zumar iccen mapul, a naɗe, a yi masa ɓawo da cakulan har ya koma kamar guntun icce. Shekarar da aka yi mata aikin ƙugu ma daga kan kujera ta yi shi. To bana ruwan ƙanƙara ya sauka ya daskare a kan wayoyi, falwayoyi suka kakkarye, layinmu ya yi duhu tun farkon mako. Na tattara na koma gidan surukaina don suna da murhun icce. Sai dai murhun na ɗumama ɗaki ne kawai, tandar gidan kuwa ta lantarki ce.

Mijina Normand gyaran layin wuta ne aikinsa, tun da abin ya faru sai dai mu gan shi a tsaitsaye. Da safiyar jajibiri ya leƙo, idanu jajir, ya kurɓi kofi ko zama bai yi ba.

"Yau muna kwanar gada, nan ƙasa da ku," ya ce. "In Allah ya yarda kafin duhu kun ga haske. Baba, fitila da rediyo kawai za ka jona wa janaretan nan. Waccan wayar taka kada ta fito."

"Ji ɗan yau! Ni na ja wayoyin gidan nan kana rarrafe," in ji Armand, surukina. "Je ka hau iccenka."

Wayar da ake magana wata ƙatuwa ce mai kan soket a kowane ɓangare, tsohon ya haɗa ta da hannunsa yana alfahari da ita. A soka kai ɗaya a janareta, ɗayan a soket ɗin injin busar da kaya, sai gida ya ɗauka gaba ɗaya har tanda. Amma dole a fara sauke babban makunnin da ke ɗakin ƙasa. In aka bar shi a sama, wutar fita take daga gida ta hau taransifoma ta ninku, ta bi layin da ma'aikata suka ɗauka matacce ne. Wannan karatun duk matar mai hawa falwaya ta haddace shi.

Huguette ta yi haƙuri har rana ta ɗaga, sannan haƙurin ya ƙare. Ta fasa ƙwai ta hau bugu da hannu, tana yi tana hutawa, har ya tashi fari fat. Wanda ya san kek ɗin nan ya san ƙullunsa ba ya jira, in ya zauna kaɗan sacewa yake.

"Tsoho, ga shi na buga," ta ce. "Ko ka ba ni tanda ko ka ci ɗanyen ƙwai da cokali."

Dama kamar jira yake. Sai ga shi da wayar a kafaɗa.

"Baba, ka ji abin da Normand ya ce," na tare ƙofa.

"Solange, 'yata, matsa. Makunnin nan tun ranar da wuta ta ɗauke na sauke shi da hannuna."

"Ka sake dubawa mana."

"In sauka matakalan nan da wannan gwiwar don in duba abin da na sani? Kek ɗin minti nawa ne? Kafin ki gama mita ya gasu."

Kunnen ƙashi gare shi, amma ban taɓa kama shi da mantuwa a kan wuta ba. Na matsa ina ƙunƙuni. Huguette na can kicin tana shimfiɗa takarda a faranti, ba ta ji mu ba.

Janareta ya ɗauka daga rumfar bayan gida. Firji ya yi gurnani, fitilun iccen Kirsimeti suka kama, tanda ta yi zafi. Huguette ta zura farantin tana 'yar waƙarta, ƙamshin ƙwai da sukari ya fara tashi. Har raina ya soma sanyi. Na je taga ina goge raɓar da ke jikin gilashi.

A tsallaken hanya gidan maƙwabtanmu su Pelchat yake, sun gudu Florida tun kafin sanyi, sun bar fitilun ado a baranda. Fitilun nan na gani suna ci, ja da kore, dishi-dishi da rana tsaka. Na buɗe baki zan yi murna an kawo wuta, sai na tuna. Taransifoma ɗaya muke da su. Ba wutar gari ba ce, tamu ce.

"Baba! Makunnin yana sama!"

"Wane irin zance ne wannan? Na ce miki..."

Cokali ya faɗi a kicin. Huguette na tsaye a bakin ƙofa, fuskarta ta koma kamar garin fulawar da ke hannunta.

"Ni na ɗaga shi," ta ce da ƙyar. "Da safe, da Normand ya tafi. Na ce in ɗana ya kawo wuta ni zan fara gani."

Ban tsaya ba. Ƙofar baya ta fi ɗakin ƙasa kusa, na fita da silifas ba ko rigar sanyi. Tsakar gidan ta zama gilashi. Taku na farko na zame, gwiwata ta daki dutsen matakala, na ci gaba da rarrafe ina kiran sunan Normand kamar zai ji ni daga kwanar gada. Saura kaɗan hannuna ya kai rumfar, janaretan ya yi wata irin shaƙa kamar an danne masa wuya, wani abu ya yi ƙas a jikinsa, sannan ya ci gaba da juyawa sakayau ba nauyi. Na waiga. Fitilun su Pelchat sun mutu.

Ban taɓa shi ba. Da kansa ya yanke, kuma ba ya yankewa haka sai wani abu ya taɓa layin. Ko ƙarfe ne ko mutum, ban sani ba.

Na kashe injin, na fizge wayar. Wayar hannu ba ta da amfani, ba sabis tun da hasumiyar ta mutu. Armand ya fito da makullin mota, motar kuwa ƙanƙara ta rufe ta ruf, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Na zura takalman Huguette na kama hanya da ƙafa, ina bin gefe inda dusar ƙanƙara ke fashewa ta riƙe sawu. Tsoro irin na ranar nan ban taɓa jinsa ba. Ba abin da nake ji sai rassa na karyewa a daji da numfashina. Na yi addu'a, na zagi kek, na zagi tsoho da wayarsa, na zagi kaina da na matsa daga ƙofa.

Kafin in kai kwanar na hango mutum yana hawowa, hular aiki a kai, yana tafiya yana kasa kunne gida gida. Tafiyar Normand ce, na gane ta. Na zauna daɓas a tsakiyar hanya.

"Solange? Me kike yi a nan ba rigar sanyi?" Ya ɗago ni. Safar hannunsa ta dama ta yi baƙi har wuyan hannu, tana warin ƙonannen roba. "Na gwada layin, matacce. Na sauko ɗaukar ƙarfen da muke ɗaure shi da ƙasa, na koma, ina kai shi wuta ta tashi a fuskata. Da hannu na fara kaiwa da yanzu wani labarin ake. Wani ɗan iska ne ya jona janareta, yau sai na gano gidan..."

Ya dubi takalman da ke ƙafata, ya dubi gwiwata mai jini. Bai ƙarasa ba.

A kicin muka same su. Wayar na kan tebur, Huguette na tsaye jikin tanda. Normand ya cire safar ya ajiye kusa da wayar.

"Wa ya bar makunnin a sama?"

"Ni ne," in ji Armand. "Na manta."

Huguette ta buɗe baki, ya tare ta: "Tsohuwa, duba kek ɗinki."

Abin da Normand ya gaya wa ubansa ba zan maimaita ba. Tsohon da ba a kai ƙarshen magana da shi, kansa na ƙasa har aka gama. Normand ya ciro filaya ya datse wayar gunduwa gunduwa, ya sauka ya sauke makunnin, ya koma bakin aiki. Kek ɗin ya fito a sace, gefe ya gasu tsakiya ɗanye, ba halin naɗewa. Huguette ta rufe shi da tsumma, ta ɗauki safar nan ta zauna da ita a cinya. Na so in yi mata faɗa, haushi ya cika ni, amma na kasa.

Da la'asar sakaliya fitilun su Pelchat suka kama tar, wannan karon da ƙarfinsu. Dukanmu mun gani, ba wanda ya motsa. Muna zaune a duhun kicin har motar aiki ta tsaya a waje. Normand ya shigo, ya buɗe tsumman, ya sa cokali ya ci gefen da ya gasu, ya ƙara. Ya daɗe yana kallon ubansa, wanda ya san ba ya mantuwa a kan wuta, sannan ya durƙusa gaban Huguette, ya zare safar daga hannunta a hankali.

"Mama, ɗanki ya kawo wuta," ya ce. "Yanzu kya iya ɗaga makunnin."

Ta kama kansa da hannu biyu, duk gari, ta fashe da kuka. Armand ne ya tashi ya sauka matakalan, da gwiwar tasa.