Ƙullin Baba Issahaku

"Ba shi zuwa, an ba shi shift," in ji Baba Issahaku, ya mayar da kan wayar a hankali. Ya riga ya sa kwat da hula, har da turare.

Maharazu, ɗalibin Kano da ke flat ɗin ƙasa, magani kawai ya hawo da shi. Ya san ba yau Wahabu, ɗan tsohon tilo, ya fara saɓa alkawarin raka shi gidan tarihi ba. Ya kuma san asibiti sun sallami Baba sun ce babu sauran abin yi. Sai ya ji bakinsa ya riga shi: "Baba, mu je ni da kai."

Daga Dagenham zuwa King's Cross tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya sha da su, Baba na haki yana ƙin zama wai shi ba tsoho ba ne. Gidan tarihin ɗan ƙarami ne, tsohon sito a bakin wata hanyar ruwa da aka haƙa da hannu, inda dawakai ke jan jiragen kaya a da. Maharazu dai bai ga abin kashe kuɗin mota ba: rabin jirgi, linzami, tulunan ƙarfe masu zanen fure. Baba kuwa ya wuce duk wannan, ya tsaya gaban wani ƙarfe da igiyar jan jirgi ta ci har ta yi masa kwari. Ya sa yatsa a ciki, sannan ya janye wuyan rigarsa ya nuna kafaɗa. Tabon na nan, baƙi, mai kauri.

"Su doki ya ja musu. Mu, mu ne doki," ya ce yana dariya. "Gishiri muke hawa da shi kogin Volta har Kete Karachi. Baba na, kaka na, duka."

"Garin yana nan, Baba?"

"Ruwan dam ya cinye. Gida, masallaci, kabarin uwa na, duka yana ƙasa. Waɗannan aikinsu ya mutu sun gina mishi ɗaki. Ni ba ni da komai da zan nuna ma yaro. Shi ya san ni da tsintsiya ne kawai, ina sharan ofis a Aldwych."

Nan Maharazu ya gane abin da ya kawo su, tausayi ya kama shi har ya kau da kai.

A wani lungu an rataye igiyoyi don masu son gwada ƙulli. Hannun Baba da ke rawa in ya ɗauki kofi bai yi rawa ba. Ya naɗa, ya zura, ya ɗaure a jikin turke.

"Ja, ɗan Kano."

Maharazu ya ja iya ƙarfinsa, ko gezau. Baba ya kama wutsiyar igiyar ya fizga sau ɗaya, ƙullin ya zube.

"Jirgi dole ya ɗauru, amma in ruwa ya taso dole ya saki da sauri. Koya. Ka nuna ma Wahabu."

"Kai za ka nuna masa da kanka, Baba."

"Koya dai."

Maharazu ya yi ta ɓatawa, tsohon na yi masa tsiya wai digiri ya cinye masa yatsu, har ya iya.

Baba bai ga ƙarshen watan ba. Ya cika da hantsi a kan kujerarsa, rediyo na kunne. Maharazu na cikin masu wanka, kuma da aka zo ɗaure likkafani bai yi shawara da kowa ba, hannunsa ya yi ƙullin da aka koya masa.

A maƙabarta aka buɗe akwatin gawar a bakin kabari, liman ya ce ɗansa ya kwance ɗaurin. Wahabu ya durƙusa cikin sanyi, yana tonon ƙullin da farce, hawaye na hana shi gani.

"I can't, Uncle. It won't open."

Maharazu ya sunkuya kusa da kunnensa. "Kama wutsiyar nan. Ja sau ɗaya."

Ya ja, ƙyallen ya saki. Wahabu ya ɗago yana kallonsa.

"Na babanka ne," in ji Maharazu. "Da shi yake ɗaure jirgi."

"What boat?"

Sai da 'yan gaisuwa suka watse da la'asar, matan zango, 'yan ƙasar Baba, na wanke tukwane a kicin, Maharazu ya zaunar da shi ya ba shi labarin gishiri da igiya da garin da ke ƙarƙashin ruwa. Wahabu ya tashi ya ɗauko ragowar ƙyallen likkafanin, ya durƙusa gaban kujerar tsohon, ya naɗa shi a ƙafarta. Ya ɓata. Ya sake, ya ɓata.

Ya miƙo ƙyallen, da Hausarsa da ta daɗe a ajiye ya ce, "Kawu, sake nuna mini."

Maharazu ya durƙusa gefensa. Kwat ɗin Baba na rataye a bayan ƙofa, yana ƙamshin turare.