Gyalen Ya Fanna

Lambar da ke fuskar kwamfutar ta ƙi tsayawa. Ta nuna arba'in da uku, ta sauka talatin, ta haura, ta sake zamewa. Malam Kawu ya gyara zaman tabaransa, ya ci gaba da kallo.

Shekara talatin yana gyaran mota a Azare da kunne da hannu. Sai da furfura ta fito masa ya shiga ajin manya ya koyi boko, daga baya ya yi wata huɗu a Kano yana koyon saita mota da kwamfuta. Wannan a-kori-kura ta Babakura, mai ɗauko kifi daga Katagum, ita ce aikinsa na farko da sabon ilimin. Ƙwaƙwalwarta ta asali ta ƙone, aka sayo wata wadda ba ta kamfani ba, irin wadda sai an koya mata yawan man da za ta riƙa ba injin. To, ba ta koyuwa muddin ƙarfin man da famfo ke turowa yana rawa.

Babakura na zaune a kan benci yana karkaɗa ƙafa. Babarbare ne, Kawu kuma Bafillace, ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba.

"Ni dama na faɗa," in ji Babakura, da ƙarfi don makanikan da ke kewaye su ji. "Bafillace da kwamfuta? Malam, koma wa shanunka. In aka yi la'asar ba ta daidaita ba, janwe zan kira a kai ta Kano."

Sha'aban mai faci ya ƙyalƙyale da dariya. Kawu ya san in motar nan ta bar garejin a bayan janwe, ba mai sake kawo masa irin wannan aiki. Za a ce tsoho ya je Kano shan iska.

"Ko kwamfutar ce ke maka ƙarya?" in ji Sha'aban.

"Za mu tambayi wani," Kawu ya ce.

Ya ɗauko tsohon gejinsa mai allura, ya jona a bututun mai, ya tayar da injin. Allurar ma ta kama rawa, daidai da lambar. Ashe ba waya ba ce ta saki, ba kuma na'urar awo ba ce ta lalace. Man ne da gaske yake zuwa yana yankewa. Filta kuwa sabuwa ce, jiya ya sa ta.

Ya zagaya baya, ya durƙusa, ya manna kunne a jikin tanki. Famfon yana kuka sumul, can sai muryarsa ta shaƙe kamar mai tari, sannan ta washe. Ya daɗe a haka, har Babakura ya ce ko barci ya ɗauke shi.

Ya dawo ya zauna kusa da shi a bencin.

"Babakura, a ina kake shan mai?"

"In ina Azare, gidan mai. In ina Katagum, wajen 'yan bumburutu. Amma kada ka ɗora wa maina laifi. Ɗigo ɗaya ba ya shiga tankina sai na tace."

"Da me?"

Babakura ya miƙe, ya buɗe ƙofar direba, ya zaro wani koren ƙyalle daga bayan kujera. Tsohon gyale ne, ya koɗe, tsakiyarsa ta yi shara-shara.

"Na yayata Ya Fanna ne," ya ce, muryarsa ta sauka. "Ita ta ba ni ranar da na sayi motar, ta ce kada in bari ƙasa ta shiga cikin abincinmu. Bana shekararta huɗu da rasuwa."

"Allah ya jiƙanta."

"Amin."

Kawu ya koma bayan motar. Ya sauke tankin, ya zaro famfon. Rariyar da ke bakinsa ta lulluɓe da wani abu kamar gansakuka. Ya ɗebo kaɗan ya murza a tafin hannu: zare ne, siriri, kore. In famfon ya ja da ƙarfi, zaren ya taru ya toshe rariyar, in ya sassauta, ya saki.

Ya dubi makanikan da suka matso. Da zai ɗaga hannun nan sama, da magana ta ƙare, kowa ya san laifin ba nasa ba ne. Sai ya dunƙule hannun, ya ja Babakura gefen motar, sannan ya buɗe masa.

Babakura ya kalli zaren, ya kalli gyalen da ke kafaɗarsa. Ya ɗaga shi sama, hasken rana ya ratso ta tsakiya.

"Yana ƙarewa ne a ciki," ya ce a hankali. "Ni kuwa ina cewa wanki ne ke cinye shi."

"Ya yi aikinsa. Ƙasa ko ƙwaya ɗaya ban gani a tankin ba."

Kawu ya wanke tankin, ya canja rariyar, ya mayar da komai. Ana kiran la'asar ya tayar da injin. Lambar ta hau arba'in da uku ta zauna.

"Me aka samu?" Sha'aban ya tambaya.

"Datti ne a rariya," in ji Kawu.

"To ai wannan aikin tsohon hannu ne. Ina amfanin kwamfutar?"

Babakura ne ya amsa, yana ninke gyalen gida huɗu. "Ita ta fara faɗa, Bafillacen nan ya saurare ta. Ni ne wata da watanni motar na shaƙewa a hanyar Katagum ina cewa ramuka ne." Ya sa gyalen a aljihun gaban rigarsa, ya dafe shi. "Malam, a ina ake sayar da mazurari mai raga?"

"Bakin kasuwa. Mu yi salla tukuna, in dawo in fara koya mata."

"Motar ko ni?"

"Wadda ta fi saurin ganewa," in ji Kawu, ya ɗauki buta.