Motar Hatsin da Ba Ta Iso Ba

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Yamai, ita ce shekarar da rumbunan Matameye suka yi fayau tun bazara ba ta kankama ba. Damina ta yi gardama, hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Batulu matar Cha'ibu ta share ƙasan rumbunsu da tafin hannu, abin da ta tattaro bai cika ƙwarya ba. Daga nan sai garin rogo da busasshen ganyen tafasa, ran da aka samu.

Duk da haka ba ta karaya ba, domin ta san mota na tafe.

Mazan unguwarsu kusan duk suna Kano cin rani, wasu na tura baro, wasu na ga-ruwa. Cha'ibu ya fi su daɗewa a can. Gadi yake yi a wani kamfanin fata, kamfanin kuwa ba ya biyan albashi a hannu sai ta banki, shi ya sa shi kaɗai ke da asusu da katin fidda kuɗi. Mai kwana a rumfar kasuwa ba shi da wurin ɓoyo, an sha yanke musu aljihu. Sai suka koma kawo wa Cha'ibu ɗan abin da suka samu yana zubawa a asusunsa. Cikin masu ajiyar har da Rabo, yayan Batulu uwa ɗaya uba ɗaya.

Da labarin gida ya tsananta, suka yanke shawarar a fiddo ajiyar gaba ɗaya, a sayi hatsi da masara a Dawanau, a loda mota guda ta biyo ta Daura da Ɗan Barto, a sauke ranar kasuwa. Cha'ibu da bakinsa ya gaya wa Batulu a salular maƙwabta.

Ranar kasuwa mata suka cika tasha da buhuna da ƙore, wasu har sun kama amalanke. Duk kamiyon kaya da ya ɓullo daga kudu sai a miƙe, ya wuce a koma a zauna. Bayan la'asar wata motar haya ta tsaya. Cha'ibu ya fito da jakarsa a kafaɗa, ba komi a hannunsa. Rabo ya fito ta ɗaya ƙofar, bai dubi kowa ba, ya nufi gida. Batulu ta naɗe buhunta ta bi mijinta a baya, tana jin idanun mata a ƙeyarta.

Sai da ya sha ruwa sannan ya yi magana.

"Batulu, kuɗin mutane sun tafi."

"Sun tafi ina, Malam?"

"Na sa kati a na'ura ta ce babu komi. Na shiga ciki, suka duba, suka ce an kwashe a Ikko, kaɗan-kaɗan, har aka ƙarar."

"Kai kuwa ka taɓa zuwa Ikko?"

"Ko hanyar ban sani ba."

Washegari aka taru a zauren Malam Illa, limamin unguwa. Batulu ta tsaya bayan zana tare da wasu mata tana saurare. Cha'ibu ya fiddo katin ya ajiye kan buzu, ya juya bayansa, ya nuna wani baƙin layi da ke kwance a jiki. Ya ce wata ma'aikaciyar bankin ta yi masa bayani: ɓarayi kan liƙa wani ɗan ƙarfe a bakin na'ura, duk katin da ya shiga sai ya kwafe abin da ke cikin baƙin layin nan, su je su ƙera wani katin irinsa, kamar yadda ake yanka makulli na biyu. Suna kuma maƙala ɗan ido a sama, mai kallon yatsun mutum sa'ad da yake danna lambarsa ta sirri.

"To bankin ya biya mana," in ji wani dattijo.

"Sun ce ba su da tabbacin ban ba wani lambar ba, Baba. Sun ce in je za su bincika."

Rabo ya ɗago kai.

"Ni ba boko na yi ba, amma ina da hankali. Kati yana aljihunka, lamba tana cikin kanka. Kai kana Kano, kuɗi suna fita a Ikko. Aljani ne ya fidda su? Ni na san yadda na tara nawa. Dubi tafin hannuna."

Ya buɗe hannayensa, duk kanta.

Cha'ibu ya ce, "A kawo Alƙur'ani in dafa."

Malam Illa ya girgiza kai. "Ba za a dafa Littafi a zaurena cikin yunwa da fushi ba. In ka yi gaskiya ba za su yarda ba ko ka dafa, in ka yi ƙarya ka halaka. Kowa ya je gida. Allah ba Ya barci."

Aka watse ba a sasanta ba. Daga ranar Cha'ibu ya zama kamar mai ƙyanda. In ya doshi inuwar da maza ke zama, sai hira ta mutu. A masallaci wanda ke kusa da shi kan sallame ya tashi ba musafaha. Batulu in ta je famfo, mata sukan matsa mata da tulunta ta ɗiba da wuri, ba don girmamawa ba, don ta tafi su ci gaba da magana. Da ta je gaida innarta a gidan Rabo, tsohuwar ta amsa gaisuwar tana kallon ƙasa. A gefen tabarma ga A'ishatu, ƴar autar Rabo, kwance, gashinta ya yi ja, ƙafafunta sun kumbura.

"Inna, a kai ta likita mana."

"An kai ta. Sun ce abinci ne maganinta." Tsohuwar ta ƙara da cewa, "Ke ce a ɗakinsa. In akwai abin da kika gani, ki ji tsoron Allah."

Maganar nan ta bi Batulu har gida. Shekarunta da yawa da Cha'ibu, ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba. Amma ita ma ta kasa gane yadda kuɗi za su bar katin da bai bar aljihu ba. Da hantsi, da ta ga ya fita, ta sauko da jakarsa ta zazzage kan gado. Riguna ne da tocila da carbi. Ta bi ɗinkin jakar tana matsawa da yatsu. Tana cikin haka haske ya ragu a bakin ƙofa. Ta waiwaya, ga shi tsaye.

Bai yi faɗa ba. Ya shigo, ya zaro aljihun rigarsa na dama ya bar shi a waje, ya zaro na hagu, ya cire hularsa ya kifa ta kan gadon kusa da kayan.

"Saura takalmi," ya ce a hankali. "In cire?"

Batulu ta durƙushe ta rufe fuskarta da gyale. Ya ɗauki hularsa ya fita. Da ya zage ta, da ya fi mata sauƙi.

A kwanakin ne gwamnatin soja ta kawo hatsin rahusa. Cha'ibu ya sayar da babur ɗinsa da tunkiyar Batulu, da yardarta, ya bi layi cikin rana tun safe, jandarmomi na kora mutane baya da bulala. Abin da ya samo bai ajiye ko tiya guda a gidansa ba, ya auna ya aika gidajen masu ajiya. Batulu ta zaci wannan zai sanyaya zukata. Sai ga magana ta zagayo mata cewa ɓarawo ya fara amayar da abin da ya haɗiye. Rabo ya mayar da rabonsa. Batulu ta ɗauka da kanta ta zagaya ta bai wa matarsa a ɓoye, don yarinyar. Amma an makara. A'ishatu ta rasu kafin wata ya mutu.

Ranar sadakar uku aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Rabo. Cha'ibu ya zo ya zauna can ƙarshe, shi kaɗai. Cikin masu gaisuwa akwai wani baƙo, Alhaji Abdulra'uf, attajirin fatu daga Damagaram, tsohon abokin Malam Illa, wanda ya biyo ya gaida shi a hanyarsa ta dawowa daga Kano, liman ya taho da shi. Bayan an shafa fatiha baƙon ya tambayi dalilin da ya sa aka ware mutum guda, aka gaya masa. Batulu na soro tana miƙo ruwa, ta ji ya yi salati.

"Wace na'ura ce?" ya tambayi Cha'ibu. "Ba ta bakin titin nan ba, kusa da gidan mai?"

"Ita ce, Alhaji."

"Ai ni ma nan suka yanke ni, bara. Kati na cikin aljihuna a Damagaram, ana fidda kuɗina a Fatakwal. Na kori yaron shagona a banza, har yau ina neman gafararsa."

Ya zaro wani kati daga aljihu ya nuna musu. A fuskarsa akwai ɗan tabo mai ruwan zinariya, bai wuce farcen ɗan yatsa ba.

"Wannan shi ne sabon da suke bayarwa yanzu. Ɗan ƙarfen nan ba ya kwafuwa kamar baƙin layin, duk shigar da zai yi na'ura da irin amsar da yake bayarwa. Amma ko da shi, ka rufe hannunka in kana danna lamba, kada kuma ka miƙa wa kowa ya taimake ka. Wannan bawan Allah ba ɓarawo ba ne. Sata aka yi masa, aka yi muku."

Katin ya zagaya hannu zuwa hannu. Mutanen da suka yi makonni ba su dubi Cha'ibu ba suka shiga gyaɗa kai, wani har yana cewa shi dama bai taɓa yarda da zargin ba. Cha'ibu ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Abin da na faɗa muku ke nan a zauren Malam," ya ce. Ya tashi ya sa takalmansa ya tafi.

Alhaji ya yi alkawarin raka shi bankin, ya kuma cika. An yi ta kai da kawowa har damina ta faɗi. Aka ba Cha'ibu sabon kati mai ɗan ƙarfen, aka ce bincike na nan tafe. Kuɗin dai ba su dawo ba, ba a kama kowa ba, aikin gadin ma an riga an ba wani. Batulu ta roƙe shi gafara, ya ce ya yafe tun ranar, ta kuma san ya yafe ɗin, sai dai ya zama mutum mai ƙarancin magana, a gida da waje.

Da ruwan shuka ya sauka, suka fita gona su biyu da ɗan irin da Malam Illa ya ba su. Ba su yi nisa ba sai ga Rabo tafe da sungumi a kafaɗa. Ya rame ƙwarai. Ya tsaya bakin gona ya yi sallama.

"Cha'ibu, na zalunce ka."

"Ka yi rashi, Yaya. Wanda ya binne ɗiya ba a bin sa bashin magana."

"Duk da haka."

Cha'ibu ya dubi ƙasa. Can ya nuna gabas da haɓa.

"Kama daga wancan gefen. Ƙasar ba za ta jira mu ba."

Rabo ya tuɓe rigarsa ya rataya a ƙaya ya fara sara. Batulu ta ɗauki ƙwaryar iri ta bi bayansu, tana jefawa tana rufewa da diddige, har rana ta take tsaka.