Zomon Geesje Marar Idanu

Gara in faɗa tun yanzu: ba na saka tabarau a gaban mutane. Shekarata hamsin da huɗu, likitan ido ya rubuta min shi tun tuni, amma yana zaune a aljihun mota, don ranar da na gwada shi a madubi mahaifina na gani. Shi ya sa da Renske, matar da ke karɓar kayan kyauta a gidan kula da dabbobin da ba su da masu su, ta ɗago wani zomon tsumma ta kawo shi daidai hancina ta ce in duba, ban ga komai ba sai fari-fari.

"Idanun kwalba ne," ta ce. "Kare zai ɓalle su ya haɗiye. Ba ma karɓa."

Buhu uku na kawo, biyu ta mayar min. Bargo mai gashin agwagwa a ciki ba sa so. Filo ba sa so. 'Yar tsana mai maɓalli ba sa so. Tawul da zanin gado kawai ta ware gefe. Na ce mata ni ɗan aike ne, kayan makwabciyata ne. Ta ce ta sani, ai Geesje ta bugo waya sau biyu tana tambaya ko na iso.

Bango ɗaya ya raba ni da Geesje Oosterhuis shekara goma sha tara. A watan Maris likita ya gaya mata ba za ta kai Kirsimeti ba, ita kuwa ta ɗauki maganar kamar an ba ta ranar tashi daga gidan haya. Ta sayo buhuna masu ƙwari, ta rubuta jadawalin rabar da kayanta ta manna a jikin firij. 'Ya'yanta biyu ba wanda yake son ko cokali. Annelies, 'yarta da ke Kanada, cewa ta yi a ɗauki hoton kayan a tura mata, ya wadatar.

Abu ɗaya ne ya hana Geesje sakat: Joep. Karenta ne, ɗan shekara goma sha uku, kunne ɗaya ya mutu, yana warin tsohon kafet, kuma tun yana ɗan kwikwiyo ya zaɓi tayar gaba ta kekena a matsayin banɗakinsa. Tsohon kare ba mai ɗauka, in ji ta, a keji zai ƙare. Amma idan ta cika mutanen gidan dabbobi da kaya, za su san sunanta, za su ajiye shi kusa da hita mai ɗumama ɗaki.

Na ce wannan cin hanci ne.

"Tawul ne," ta ce.

Da na dawo mata da buhunan nan biyu na ɗauka magana ta ƙare. Ta zuba min kofi, ta buɗe gwangwani na ɗauki biskit ɗaya, ta rufe. Sannan ta jawo almakashi da wata giwar tsumma daga cikin buhun.

"Makwabci, riƙe min kan giwar nan."

Haka Asabar ɗina ta salwanta, ita da duk waɗanda suka biyo bayanta. Ni in riƙe kai, ita ta ɓalle idanu, ta ɗinke gurbin da baƙin zare. Giwa, biri, agwagwa, wani abu da har yau ban san ko doki ne ko saniya ba. Idanun a kwalbar jam take zubawa ta ajiye a bakin taga, duk wanda ya wuce ta titi sai ya ga ido arba'in suna kallonsa. Saka zare a allura kaɗai yakan ci mana minti goma. Ita hannunta na rawa, ni kuma ina cewa hasken kicin ɗinta ne ba shi da kyau. Ta ce hasken lafiyarsa lau, ni ne makaho mai girman kai.

Kuma dole Joep ya bi ni duk tafiya, wai don ya saba da hanya. Sau biyu ya yi min amai a kujerar baya. Na uku ya tsallako gaba ya zauna kamar shi ya sayi motar, daga nan bai sake amai ba. Renske kuwa ba ta taɓa karɓar buhu ba tare da ta samo wani laifi ba: wannan akwai zip, wannan an wanke shi da sabulu mai ƙamshi. Kowane zuwa akwai takardar da ake sa wa hannu, wai shaidar an kawo kaya. Ni dai in aka nuna min layi sai in rattaba. A Afrilu Geesje da kanta ta bi mu, tana tura keken dogarawarta. Suka shige ofis ita da Renske, suka bar ni da kare a waje kusan rabin awa. Da suka fito aka miƙo min takarda da biro kamar kullum.

Ba na cewa ni mutumin kirki ne. Na yi ƙorafi a gabanta, na yi a bayanta. Na gaya mata akwai motar da ke zuwa har ƙofar gida ta kwashe tsofaffin kaya. Ta ce motar ba ta cire idanu.

A Satumba aka sauko da gadonta falo, kusa da taga, nas tana zuwa safe da yamma. Almakashi ya gagare ta, ɗinkin ya dawo kaina. Tana kwance tana lura. Ta ce ɗinkina kamar na wanda ya sha ya yi tatul, kuma Allah ya so dabbobin nan ba su da idon ganin abin da na yi musu. A lokacin gidan har amsa kuwwa yake. Labule ya tafi, tawul saura biyu.

Zomon nan da Renske ta fara mayarwa shi ta bari ƙarshe. Na sha ganinsa a kan firij ban tambaya ba. Ran nan ta ce in ɗauko shi. Na Hidde ne, ta ce, ɗanta na tsakiya, wanda ya rasu yana shekara shida, tun kafin in san unguwar. Ban taɓa jin sunan ba. Na tsaya da almakashi a hannu kamar wani sakarai, na ce wannan kam a bar shi da idanunsa.

"Yanke, makwabci. Joep komai haɗiyewa yake."

Na yanke. Ta karɓa ta shafa gurbin da babban yatsa, ta ce wannan karon ba laifi. Sai ta sauke zomon ƙasa, Joep ya ɗauka ya shige ƙarƙashin gado da shi.

"Idan na tafi ka je wurin Renske. Ta san komai."

Na ce zan je. Ta ce in fitar mata da bola kafin in wuce, gobe Talata.

Talatar da ta biyo bayan wannan ta rasu, da hantsi, nas na wurin. Aka yi jana'iza, aka sha kofi da kek. 'Ya'yan suka yi min godiya sosai, don a yini ɗaya suka gama da gidan. Kwalbar idanu kawai suka rasa yadda za su yi da ita, Annelies ta miƙo min, ni kuma na karɓa don ban iya cewa a'a a gidan makoki ba.

Ranar Asabar na sa Joep a mota da kwanonsa da zomonsa. Tafiyar minti ashirin ce, na yi ta a arba'in. Na zaga shataletale sau biyu, na gaya wa kaina alamar hanya ce ban gani ba. A bakin gidan dabbobin na bar shi a mota, na shiga na ce wa Renske na kawo shi, kuma an yi maganar kusa da hita.

Ta dube ni yadda take duban buhu mai zip a ciki. Ta ce ba su da wani keji da sunan Joep, ba a taɓa nema ba. Ta buɗe durowa ta zaro takarda ta ajiye a gabana.

Na matso da ita, na nesanta ta. Renske ta ce ko ta karanta min. Na ce a'a.

Na fita na buɗe aljihun mota na ɗauko tabarau. Joep na kwance a kujerar gaba, haɓarsa a kan zomon, bai ko ɗago ba. A tsaye a jikin ƙofa na karanta. Takardar sauya mai kare ce: daga Geesje Oosterhuis zuwa Wessel Dijkhuis, wato ni, sha ɗaya ga Afrilu.

Sa hannuna ne, har da ɗan layin da nake ja a ƙarƙashi.