Kwalin Wani

A kamfanin sabulun da Kafinta ke aiki, bel ɗaya ne ke kwaso kwalaye daga inji yana turo wa kowa nasa a kan teburinsa. Aikinka ka liƙe bakin kwali, ka ɗaga, ka jera a kan katako. In ka yi nawa tebur ya cika, na bakin gefe sai ƙasa. Kafinta ya daɗe da barin sassaƙa, sunan ne kawai ya biyo shi har nan, sai kuma kantar hannu.

Tun da aka ƙara wa bel gudu bara, kafaɗarsa ta dama ta fara yi masa gardama. Da farko sai yamma take ciwo, daga baya ta koma tashi tare da shi da safe. In ya dawo gida yakan zauna bakin gado da takalmi a ƙafa, ya zuba wa bango ido, ko sunkuyawa ya cire ba ya so. Matarsa ta kawo ruwan zafi da tsumma, tana gasa masa tana mita, shi kuwa ya ce sanyi ne ya shige shi.

Heluma, mai kula da ma'aikatan layin, ya riga ya faɗa a gaban kowa: duk wanda kwalinsa ya taɓa ƙasa, ya fara neman wani aikin. Amma na Kafinta bai taɓa faɗuwa ba, saboda teburin da ke kusa da nasa na ƙanin matarsa ne, wanda ake kira Lantarki don zafin nama. Da ya ga kwalaye sun fara taruwa, sai ya miƙa hannu ya janye biyu ko uku, ya liƙe, ya jera, kansa na kallon wani wajen. Ba su taɓa maganar ba. Kafinta bai ce na gode ba, Lantarki bai ce ba komai ba, a haka aka rufa asiri.

Wata rana da hutun cin abinci Uwar Ƙungiya, shugabar ƙungiyar ma'aikata, ta tara su a ƙarƙashin matakalar bene. 'Yar gajeruwa ce, amma in ta yi magana har masu gadi suna ji.

“Gobe mai awo za ta zo daga ofishin ƙwadago ta auna gudun bel,” in ji ta. “Mun kai kuka bel ya fi ƙarfinmu, an zo an duba, ba a ga kwali ko ɗaya a ƙasa ba. To wa zai yarda da mu? Gobe kowa ya yi nasa. Kwalin wani, ko na babanka ne, kada ka taɓa.”

Kafinta ya gyara murya.

“Uwa, in tambaye ki mana. In kaya suka zube gaban baƙuwa, wa za a kora, bel ɗin ko mai teburin?”

Aka kwashe da dariya. Shi bai yi ba.

“Ban yi maka alkawarin komai ba, Baba Kafinta,” ta ce. “Abin da na sani, in muka ci gaba a haka, ɗaya bayan ɗaya za mu fita da ƙafarmu.”

Da aka tashi aiki suka kamo hanya shi da Lantarki, suna ratsa masu gyaran babur da ke bakin titi.

“Mijin Yaya, yau ba ka ce in saya maka rake ba,” in ji Lantarki.

“Wane rake? Haƙorin ma yajin aiki yake.”

Suka ɗan taɓa tafiya. Sai Lantarki ya rage murya.

“In kana so, gobe in yi kamar ban ji ta ba. Ba wanda zai lura.”

Kafinta ya ji zuciyarsa ta ce masa karɓi. 'Ya'ya biyu a makaranta, ga shekaru sun tura, wa zai ɗauki mai kafaɗa ɗaya? Amma ya tuna bakin gadon nan, da takalmin da ke kwana rabi a ƙafa.

“Ka ji abin da aka ce,” ya amsa. “Ka riƙe wannan hannun naka mai kama da na ɓarawo.”

“Shi ya ciyar da kai shekara guda.”

“Rufe min baki, ɗan nema.”

Washegari mai awo ta iso, mace mai tabarau da takalmi marar tsini, agogo a tafin hannu. Heluma na biye da ita yana ta washe baki. Aka tada inji.

Da farko Kafinta ya ba kansa mamaki. Idon baƙuwa na kansa, hannuwansa suka shiga zafin naman da suka saba tun ƙuruciya in maigida na kallo. Liƙe, ɗaga, jera. Har ya fara tunanin ko zai kai labari. Hantsi na dubawa, kafaɗar ta ce ba da ita ba. Ya ɗaga kwali ya kai ƙirji, ya ƙi wucewa. Ya ajiye, ya sake gwadawa da hagu. Kafin ya jera wannan, uku sun iso.

Ta gefen ido ya ga hannun Lantarki ya taho da kansa, ya tsaya a iska, sannan mai shi ya cusa shi cikin aljihu kamar wanda ya kama ɓera. Gumi na zuba a fuskar Lantarki, alhali teburinsa fes yake.

Tebur ya cika. Kwalin gefe ya yi ɗan tangaɗi, ya tafi. Tim! Sabulai suka watse har ƙafar mai awo.

Kafinta ya tsaya. Bai ɗaga kai ba, yana jiran muryar heluma. Maimakon haka sai ya ji wani tim ɗin daga can baya. Ya waiga. Teburin Dogo ne, ƙaton da kowa ke cewa ya fi injin ƙarfi. Can kuma na matar wani direba, sai na wani saurayi da bai ko ajiye gemu ba. Ashe duk tsawon layin haka ake yi, wannan na ɗauke wa wancan, kowa na zaton shi kaɗai ne ake rufa wa asiri. Dogo ya dubi Kafinta, Kafinta ya dubi Dogo, sai Dogo ya fashe da dariyar kunya.

Heluma ya daka tsawa a kwashe. Mai awo ta ɗaga masa hannu.

“Bar su tukuna.” Ta matso kusa da Kafinta. “Baba, tun yaushe?”

Bakinsa ya so ya ce lafiya lau. Ya haɗiye.

“Tun bara, 'yata. Hannun ba ya wuce nan.” Ya nuna mata.

Ba a yanke komai ran nan ba. Kwanaki aka yi ana shiga ofis ana fita, Uwar Ƙungiya har muryarta ta dishe. Kafinta kullum yana zuwa da shirin a ce masa ya ajiye rigar aiki. Amma korar rabin layi ba abu ne mai sauƙi ba. A ƙarshe aka rage wa bel gudu, bai dai koma kamar na da ba, amma daidai yadda mutum zai numfasa, aka kuma ba masu ciwo damar ganin likita.

Ranar da aka fara sabon gudun, heluma ya zo ya tsaya kan Kafinta, hannu a baya, yana kallo. Kafinta ya liƙe kwali, ya ɗaga a hankali, ya jera. Wani ya iso, ya jira shi a kan tebur. Heluma ya daɗe a tsaye, sannan ya ja tsaki ƙasa-ƙasa ya yi gaba.